Kwanukan madida

Da aka yi wa 'yata ta biyu tiyata aka ciro mata ɗa, likita ta sallame mu da umarni biyu. Na farko, kada ta ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi. Na biyu, sukarin da ya hau mata lokacin goyon ciki bai sauka ba, kuma in ba ta rage jiki ta kama tafiya ba, zai zauna mata kamar yadda ya zauna wa mahaifinta har ya ci masa ƙafa. Na sa likitar ta maimaita, na rubuta.

Na kawo ta gidana a Umdurman ta yi jego. A unguwarmu, mai jego ba ta maigidanta ba ce kawai, ta kowa ce. Kowace safiya maƙwabta sukan aiko da madida, kunun hulba mai kauri da madara da sukari, man shanu yana yawo a kai. Ana so a ga mace ta fito arba'in ta cika mayafinta. Kwanon da ya koma da saura kuwa zagi ne ga mai shi.

Ni a makarantar sistocin coci na yi karatu. Can aka koya mini cewa ba a zubar da abinci, ba a kuma yin ƙarya. Ban taɓa saɓa ko ɗaya ba, kuma ban ga dalilin farawa da tsufa ba. Saboda haka na riƙa zama a bayan ƙofar kicin ina shanye madidar da kaina, in wanke kwano in mayar da godiya. Wata rana uku ne, wata rana huɗu. Ba na son hulba. Warinta yana fita a gumi.

'Yata kuwa na ba ta miyar ganye da kifi, na tsara mata tafiya. Makon farko, daga gado zuwa randa, tana dafe da bango, a sunkuye kamar mai neman allura.

"Miƙe bayanki."

"Inna, ɗinkin yana ja."

"Likita ta ce zai ja. Ba ta ce zai tsage ba. Miƙe."

Ta miƙe, ta harare ni, ta yi taku shida. A mako na uku tana zagaya tsakar gida sau goma. Ban yaba mata ba, don na goman bai cika ba. Takan yanke kwana a wurin bishiyar lemo, tana tsammanin ban gani ba.

Bayan arba'in muka fara fita bakin kogi da sassafe, kafin rana ta yi zafi. A hanyar dawowa muka ci karo da maƙwabciyata, wadda kwanonta ya fi na kowa girma. Ta dubi 'yata, ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Ya Hajja, wai wa ya haihu a gidan nan, ke ko ita?"

Tambaya ce kai tsaye, don haka na faɗa mata gaskiya duka, har da zancen ƙafar mahaifin yarinyar, wanda ita ma ta je jana'izarsa. Sai ta ce, "Kwana arba'in ina tashi da asuba ina dama wa tsohuwa kunu." Mako biyu ba ta gaishe ni ba. A na uku ta aiko da kifi gasasshe, ba mai ko ɗigo, ta ce a gaya mini ba nawa ba ne.

Da wata na huɗu ya cika muka haye gada zuwa Khartum aka sake gwaji. Sukarin 'yata ya sauka inda ake so. Likitar ta rufe takarda, ta ɗago kai ta ce tunda na zo, in hau ma'auni ni ma. Na hau. Ta rubuta mini umarni irin na 'yata, kalma da kalma.

Washegari muka fita bakin kogi. Tana gaba da ɗanta a baya, ina biye ina haki. Ba ta juyo ba ta ce, "Inna, miƙe bayanki."

Na miƙe. Umarnin daidai ne.