Kwat Mai Baƙin Maɓalli

Tsohon da ya koya min sayar da kayan maza na gwanjo a babbar kasuwar Garuwa abu biyu ya dasa min a kai. Na farko, ka laluba kowane aljihu kafin ka yi ciniki. Na biyu, kaya iri biyu ne, na dila da na buhu. Na dila daga ƙetaren teku suke zuwa a ɗaure tamau, suna warin magani, masu su ba za su taɓa biyo sawu ba. Na buhu kuwa daga gidajen mutane suke fitowa, nan cikin gari ko ƙauyuka, kuma ba a sayensu sai an tambayi mai kawowa na wane ne. In ya fara inda-inda, ka ɗaure masa buhunsa ka sallame shi. Na farkon har yau ina riƙe da shi. Na biyun ne na saki sau ɗaya.

Da manyan wayoyi suka cika gari, sai na buɗe gurup na zuba masu sayena a ciki. Yawancinsu akawuna ne na kamfanin auduga, da malaman makaranta, da ƙananan ma'aikatan ofis, mutanen da ke son a gan su cikin kwat kamar darakta amma suna jin kunyar a gan su sun duƙa a kan tarin gwanjo. Waya ta rufa musu asiri, ni kuma ta ƙara min riba. Bayan Azahar nake sa hoton kaya, kowa ya yi ta taya farashi, wannan ya ce jaka huɗu, wato dubu huɗu, wancan ya ƙara. Ladanin masallacin bayan rumfata shi ne alƙali. Da zarar ya ɗaga murya da kiran Magariba, wanda ya taya na ƙarshe shi ya saya, babu fasawa babu roƙo. Ni na kafa wannan doka, kuma na sha yin faɗa a kanta, don ni ba mai haƙuri ba ne.

Kwat a rataye ba ya jan ido. Saboda haka ni nake sakawa a jikina, in tsaya gaban wani farin ƙyalle da na kafa a bangon rumfa, in jingina waya a kan benci ta ɗauka da kanta. Kaina nake yankewa daga hoton, daga wuya zuwa gwiwa kawai ake gani. Ba na so in zama abin dariyar gari, kuma na lura mai saye ya fi kashe kuɗi in ya samu wurin ɗora nasa kan. Kullum hannun hagu a aljihun wando nake tsayawa. Ban taɓa tunanin daga wurin wa na ɗauko wannan tsayuwar ba.

A lokacin yayana ya yi damina biyar da ɓata. Mu biyu Inna ta haifa maza, shi ne na fari. Fatauci yake yi a kan babur tsakanin Mayo-Oulo da bakin iyaka, a shekarun da hanya ta lalace. Wata safiya ya ɗaure kayansa ya tafi, daga nan ba shi ba babur. Masu tare hanya in sun ɗauki mutum sukan kira danginsa, mu ba wanda ya kira mu. An rubuta maganar a takarda a wurin jami'an tsaro, muka yi yawon asibitoci da ƙauyuka har ƙafa ta gaji. Matarsa ta zauna a gidanmu na unguwar Poumpoumré da 'ya'yanta mata biyu, ita ba mai aure ba, ita ba mai takaba ba. Sau biyu liman yana zuwa da kansa ya ce shekarun jira sun cika, a yi sadaka a sallami baiwar Allah ta san matsayinta. Duk sau biyun Inna ta bar shi ya gama, sannan ta tashi ta shiga madafa. Matar yaya kuwa ta ce ba za ta shiga takaba ba sai da yardar Inna.

Inna mutuniyar da ce, mai alkunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan yaya a bakinta ba. In za ta yi min maganarsa sai ta ce yayanka, in da wasu take sai ta ce mai babur. Ba ta zama kusa da shi, ba ta taɓa shi a gaban mutane, ko abinci ta wurin wani take miƙa masa. Da ya ɓata ma ba ta yi kuka a gabanmu ba. Abinci kawai ta rage ci, kuma ta hana a taɓa ɗakinsa.

Wata Laraba da hantsi wani mutum ya tsaya a rumfata da buhu a kafaɗa. Dogo ne, ƙafarsa duk jar ƙasa, Hausarsa tana jan Fillanci. Ya ce daga wajen Mayo-Oulo yake. Ya zazzage buhun, riguna ne da wanduna marasa daraja, sai kwat ɗaya ruwan ƙasa, mai kauri, irin wanda sanyin asuba ba ya ratsawa. Hannuna yana taɓa yadin na san abin kirki ne. Na laluba aljihu, babu komai. Na sunsuna, ba warin dila, sai sabulu da hayaƙin itace. Maɓallansa ruwan ƙasa ne, ban da na tsakiya, baƙi, an ɗinka shi da koren zare. A baya kuma, tsakanin kafaɗu, akwai ɗan gyara, an yi masa ɗinkin hannu mai kyau da zare mai kama da yadin.

Na san ramukan tufafi. Na san na asu, na san na wutar taba, na san ƙunar dutsen guga. Wannan ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne, zagayayye ne daidai kan ɗan yatsa, ya ratsa har shafi na ciki. Tambayar ta zo min har bakin harshe. Sai mutumin ya faɗi kuɗin da yake so, kuɗin da bai kai rabin rabin abin da zan samu ba, na haɗiye tambayata na biya shi. Ya naɗe buhunsa ya shige cikin mutane.

Da rana na goge kwat ɗin, na saka, ya zauna min kamar tela ya gwada ni. Na ɗauki hoto na tura, na rubuta a ƙasa cewa akwai ɗan gyara a baya, ba ya nunawa. Ranar an yi rububi. Wani akawu mai ƙaton ciki, wanda na san maɓallin ba zai taɓa haɗuwa a jikinsa ba, shi ya riga ladan da numfashi ɗaya. Na koma gida ina murna da kaina.

Ranar Asabar na shiga gida cin abincin rana na tarar da tsakar gida cike da matan maƙwabta, waya tana yawo daga hannu zuwa hannu. Wata 'yar'uwar matar yaya da ke aure a Ngaundere ce ta turo hoto. Wani ne ya tura wa mijinta, shi ma wani ya tura masa, a hanya rubutuna ya faɗi, sai hoton tsirara. Matar yaya ta buɗe shi da yatsu biyu har maɓallin ya cika fuskar wayar, ta ce ita ta ɗinka shi da hannunta, daga tsohuwar rigarta ta cire shi, koren zare ne kaɗai a gidan ranar. Ta ce a dubi kafaɗun, a dubi yadda ya sa hannu a aljihu, wa ke tsayuwar nan in ba shi ba. Wata ta ce farin ƙyallen nan na asibiti ne, wata ta ce a'a, gidan yari ne, ana ɗaukar su hoto haka. Kowa dai ya yarda mutumin cikin hoton a tsaye yake da ƙafarsa.

Aka miƙo min wayar. Na ga ƙyallen rumfata, na ga wandona, wanda ko a lokacin shi ne a jikina. Ban taɓa lura da kwat ɗin yaya ba, da asuba yake saka shi ya hau babur lokacin ina barci, kuma dubban kwat sun wuce ta hannuna har na daina ganin kaya sai farashi. Inna ta karɓi wayar daga hannuna ta daɗe tana kallo, ta kawo ta kusa da ido, ta nisanta ta. Sannan ta dube ni.

"Kai ka san kan waya. Ka nemo min inda aka ɗauki wannan."

Na ce to. Wallahi abin da na ce ke nan, to.

Kwana huɗu na yi da maganar a cikina. Inna ta fara cinye tuwonta har tana neman ƙari. Ta buɗe ɗakin yaya ta share, ta shanya tabarmarsa a rana. Matarsa ta yi kitso, ta ɗauko 'yan kunnenta da ta ajiye tun shekarar farko. Yaran suna tambayata ko babansu zai zo da babur ɗin. Ni kuwa ina fita da safe in ce na tafi bincike, in yi ta zagaya kasuwa da tashar motocin Mayo-Oulo ina neman dogon mutum mai buhu. Ba wanda ya san shi. Na yi wa wani mai shayi tsawa a kan ya ce dogaye masu buhu sun fi ɗari a tashar, alhali gaskiya ya faɗa. Tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar kaina, don na san ramin nan na harsashi ne tun ranar da na sa yatsa a kansa.

Rana ta huɗu na je ofishin akawun. Yana sanye da kwat ɗin a buɗe, gumi yana keto masa. Da na ce ya mayar min, sai ya yi dariya ya tuna min dokata, ya ce ladan ya riga ya kira sallah. Da wata rana ce da mun yi ta. Sai na zauna a kujerar baƙi na gaya masa komai, shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. Bai bari na kai ƙarshe ba ya miƙe ya tuɓe shi, ya ninke a kan tebur, yana ta salati da guntun Faransanci. Na ga yana goge tafin hannunsa a jikin wando.

Bayan La'asar na shiga gida. Inna tana kan tabarma tana tsintar wake, matar yaya tana bakin ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na fito da kwat ɗin daga leda na ajiye a gaban Inna.

"Inna, ni ne a hoton. A rumfata na ɗauka. A buhu aka kawo min shi, na saya ban tambayi na wane ne ba."

Na ji matar yaya ta zauna a ƙasa. Inna ta ture faifan wake gefe, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce in tashi. Na tashi.

"Saka."

Na saka. Ta dubi baƙin maɓallin, ba ta dubi fuskata ba. Ta ce in juya, na juya mata baya ina kallon bangon maƙwabta. Sai na ji tafin hannunta biyu a kafaɗuna. Ta shafa su a hankali, ta gyara wuyan, ta kaɗe wata ƙura da babu ita, ta bi hannun rigar har ƙasa ta dawo. Na san ba ni take taɓawa ba, don haka na tsaya ƙyam ban motsa ba. A gaban surukarta da jikokinta take yi, ita da ko kofin ruwa ba ta taɓa miƙa masa hannu da hannu ba.

Hannunta ya gangaro tsakiyar bayana ya tsaya. Na ji ɗan yatsanta ya zagaya ɗinkin sau ɗaya, ya sake zagayawa, sannan ya danna har na ji shi a ƙashina. Ta daɗe a haka. Sai ta kira sunansa, sunansa na yanka, a hankali, yadda ake tashin mai barci. Shekarata talatin da takwas, ranar na fara jin sunan a bakinta.

Da ta sauke hannu ta ce, "Gobe ka je wa liman. Ka ce na yarda."

Kafin in juyo matar yaya ta fara cire 'yan kunnenta. An yi sadaka ranar Juma'a, aka raba kayan ɗakinsa ga mabuƙata, amma kwat ɗin Inna ta hana. Ta ninke shi a ƙasan akwatinta, a can muka same shi bayan rasuwarta.

Ina nan ina sayar da gwanjo, ladan yana nan yana rufe min ciniki. A kan maratayi nake ɗaukar hoto yanzu, masu saye suna ƙorafin kaya ba sa fitowa da kyau, ina ce musu wanda bai so ba ya bari. Mai buhu in ya zo, kafin ya kwance bakin buhun nake tambayarsa. Dogon mutumin ban sake ganinsa ba, kuma ban san wanda ya zauna ya yi wa ramin nan ɗinki mai kyau haka ba. Wurin kuwa bai bar bayana ba. Ko a sahun sallah wani ya goge ni a tsakanin kafaɗu, sai na ji yatsan Inna.