Direban Ƙwai da Shafukansa

Shekara ashirin da shida yana jan motar ƙwai, kuma abin da ya fasa a hanya bai cika kiret goma ba. Shi ya sa a kamfanin ba a kiransa da komai sai Sannu-Sannu. Ya san ramin da ke bayan gidan burodi, ya san otal ɗin da ba a shigarsa ta ƙofar gaba, ya san mai shagon da in ka riske shi bai karya ba zai ce ƙwanka ƙanana ne. Duk a kansa suke, kuma bai so su fito ba. Yana saurayi ya taɓa nuna wa wani hanya a wani wurin aiki, bayan wata biyu aka sallame shi aka bar wancan. Bai cika ba da wannan labarin ba.

Da mai kamfanin ta gaji mahaifinta, ta kawo abin da ake kira wiki. Shafuka ne a waya, kowane abokin ciniki da nasa, kowane ma'aikaci yana iya rubutawa, yana iya gyara na wani. Direbobi suka cika nasu. Na Sannu-Sannu suka zauna fayau, daga suna sai lambar waya. In ta yi masa magana sai ya ce yatsunsa sun yi wa wayar kauri.

Ana nan sai yanar ido ta rufe masa idon dama. Likita ya ce sai an yi aiki, da hutun mako shida. Dogo, direban da zai riƙe masa hanya, ya bi shi kwana biyu. Ranar da ya gwada fita shi kaɗai ya dawo da rabin kaya, don mai gadin otal ko buɗe masa bai yi ba. Kowa kuwa ya san akwai wani kamfanin da ya daɗe yana zawarcin otal ɗin.

Mai kamfanin ta same shi a bakin sito yana goge madubin mota.

"Baba, ba zan tilasta ka ba," in ji ta. "Amma in ka warke ka tarar babu hanyar, ina za ka koma?"

Ya kai maganar gida. Matarsa ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙa hannu ta karɓi wayar.

"Maigida, in ka ɓoye, hanya ta mutu, aiki ya tafi. In ka faɗa, wataƙila ya tafi. Ni dai na fi son wataƙila."

Yammaci uku yana faɗa tana rubutawa. Ba kwatancen titi ya fi yawa ba, halin mutane ne. A kashe mota kafin a gaida mai gadin otal, a tambaye shi ƙafarsa. Kada a ajiye kiret a gefen tanda. Ta ce ita ciwon bayanta bai samu gaisuwar da ƙafar wannan bawan Allah ta samu ba.

Bayan aikin, yana zaune a tsakar gida da bandeji a ido, ita ke karanta masa shafukan. Sun ƙaru. Mai loda kaya ya rubuta yadda ake jera kiret don na gidan burodi su fara fita. Matar ofis ta ƙara cewa mai shagon nan in an kira shi tun daga hanya ba ya ƙorafi. A ƙarƙashin maganar mai gadi kuma Dogo ya rubuta cewa ƙafar ta warke tun shekara uku, kunyar Baba ce ta hana shi faɗa, yanzu 'yarsa da ke karatun jinya ake tambaya.

Sannu-Sannu ya yi dariya a hankali, yana dafe da bandejin. Otal dai bai tafi ba.

Ranar da ya koma, ya tarar Dogo na loda kayan hanyarsa. Aka ce ana nemansa a ofis. Ya shiga da makullin mota a hannu, don kada a sha wahalar tambayarsa.

Mai kamfanin ta ce masa hanyar yanzu kowa na iya binta. Ya gyaɗa kai, ya ɗora makullin a tebur. Ta tura masa abinsa, ta juyo masa fuskar kwamfuta. Shaguna goma sha huɗu ne a ƙetaren gada, da wata makarantar kwana. Tun zamanin mahaifinta suke neman a kai musu, amma babu halin a cire shi daga tsohuwar hanya. Shafukan babu komai sai sunaye.

Ya matso da kujera, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sabon idonsa. Ya ce zai fara ranar Litinin, amma kada ta sa ran rubutu kafin mako biyu, don ba a sanin mutum a zuwa ɗaya.