Rumbun da Kasmuri Ya Kwance

Kasmuri mutumin yankin Blora ne, inda dajin jati, itace mai katako mai ƙarko, ya kewaye ƙauyuka. Mahaifinsa kafinta ne mai gina gidaje da rumbunan shinkafa na katako, shi kuma ya tashi ya zama mai kwance su. Ba shi ya zaɓa ba, zamani ne ya juya. Manoma sun koma zuba shinkafa a buhu, masu kuɗin birni kuma sun kamu da son tsohon katako, irin wanda rana da hayaƙi suka dafa har ya yi duhu. Wani ya lulluɓe bangon falo da shi, wani ya yi matakalar bene.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ba ya ji sosai tun da wani ginshiƙi ya buge shi yana saurayi. Ba ya sa zarto a jikin rumbu. Turakun itacen da suka haɗe katako da katako yake bi da guduma yana fitarwa, har ginin ya saki jikinsa. Abokin aikinsa ƙanin matarsa ne, Wagiran, mai bakin da ba ya hutawa, shi ke tuƙa musu tsohuwar motar kaya.

Wata shekara bayan girbi dillali ya tura su wani ƙauye can bayan daji. Wata tsohuwa, Mbah Lasiyem, ta rasu, 'ya'yanta da ke Jakarta sun sayar da rumbunta. Sun isa da hantsi. Rumbun na tsaye a kan ƙafafunsa a bayan gida, ciyawa ta kai gwiwa, kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa har sai da suka ɓalle shi.

Kasmuri ya sunkuya ya leƙa, don ƙofar gajera ce. Ya shiga rumbuna da yawa a rayuwarsa, ya san warin ɓera da na jemage. Wannan babu ko ɗaya. Daɓen katakon a share yake tas, har da sawun tsintsiya. Ƙanshin sabuwar shinkafa ya bugi hancinsa, ga ɗumi kamar ɗakin da mutum ya fita yanzu. Amma babu ko ƙwaya a ciki.

Suna sauke kayan aiki sai ga maƙwabciya, Yu Parmi, da dammin ciyawar awaki a baya. Ta tsaya nesa kaɗan.

"Kun gaya mata?"

"Wa?" in ji Kasmuri, yana juyo mata kunnen dama.

"Wadda ke ciki, mai tsaron shinkafar. Tun kakanni tana nan. Ita kanta Mbah Lasiyem ba ta taɓa ɗibar ko kwano ɗaya ba tare da sallama ba. In za ku ɗaga, ku faɗa mata inda za ku kai shi."

Wagiran ya kwashe da dariya. "To Yu, ba mu lambar wayarta mana, mu tura mata saƙo."

Matar ba ta ko kalle shi ba, ta wuce.

Kasmuri mai salla ne, bai ɗauki irin wannan zance da nauyi ba. Amma ƙanshin nan bai bar hancinsa ba, kuma ya ga ladabi ba ya rage komai. Ya sake cusa kansa ciki ya ce, "Assalamu alaikum. Za mu kwance rumbun nan. Gidana za mu kai shi, a Blora, bayan masallaci, mai mangwaro a ƙofa."

Gaskiya ya faɗa, don a farfajiyarsa ake jibge katako kafin masu saye su zo.

Bai taɓa aiki mai sauƙin wannan ba. Turaku suka riƙa fita da bugu ɗaya. A hanyar komawa kuwa motar ta dinga nishi a kan hawa.

"Kang, anya ba dutse ka ɗora mana ba?" in ji Wagiran, wanda ke kiransa Kang, wato yaya. "Mun ɗauki ninkin wannan bara, ba ta yi haka ba."

Katakon bai daɗe a ƙasa ba. Ginshiƙan suka tafi wani otal a Bali, allunan bango suka tafi Semarang gidan wani likita da ke gyaran falonsa. Ƙofar ce kawai ta rage, saboda gajartarta, da 'yan allunan daɓe masu tsaga.

Matar Kasmuri, Sumirah, doguwa ce mai murya, tana soya ayaba a ƙofar makarantar firamare, kuma ana jin faɗanta daga bakin titi. Ita ta fara lura da buhun shinkafarsu.

"Pak," ta ce, yadda ake kiran maigida a can, "ka ƙaro ne ba ka faɗa min ba? Kullum ina ɗiba, yana nan yadda yake."

Ya ce albarka ce, suka yi dariya. Daga nan kaji suka daina zuwa wajen ɗakin ajiya, inda buhun yake. Sai kuma ita Sumirah ta fara yin sanyi. Ta daina faɗa, ta daina zuwa suya. Tana tafiya a hankali, tana magana ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, duk lokacin da za ta shiga ɗakin ajiya sai ta sunkuya sosai, alhali ƙofar ta fi ta tsawo.

Wata rana da azahar ya dawo ɗaukar igiya da ya manta. Gidan tsit, ko kukan kaza babu. Ya same ta a ɗakin ajiya, ta lanƙwashe ƙafa a gaban buhun, tana shafa shi kamar kan yaro.

"Bu," ya kira ta, yadda ake kiran uwargida a can.

Ta juyo a hankali. Fuskar matarsa ce, amma kallon ba nata ba ne, kallon wanda bai san ka ba ne. Ta yi magana da irin ladabin tsofaffin da, wanda Sumirah ba ta taɓa iyawa ba.

"Malam mai gida, ina ka kai bangon? Iska na shigowa."

Ya dafa ƙofa. Ta ƙifta ido, ta dube shi sama da ƙasa.

"Pak, me ya dawo da kai? Ka tsaya kana kallona kamar ka ga damisa."

Bai tsaya cin abinci ba, ya hau babur ya koma ƙauyen. Ya tarar da Yu Parmi tana ba awaki ruwa. Ta saurare shi har ya gama.

"Kai ka gayyace ta," ta ce. "Ta zo, ta tarar babu ɗaki. A ina kake so ta zauna?"

Ya nemi allunan Semarang, aka ce an riga an goge su an shafa musu mai, likitan ma bai yarda ya ga Kasmuri ba. Ginshiƙan Bali kuwa dillali ya ce kada ma ya sa rai. Sai ya tattara abin da ya rage, ƙofar da allunan daɓen, ya cike da katakon da ya ajiye don ɗakin 'yarsu, ya kafa ɗan rumbu a bayan gida. Wagiran ya taya shi, kuma a karon farko ya yi aiki bakinsa a rufe. Kasmuri ya samo dammin shinkafa da ba a sussuke ba a wurin wani manomi, ya ajiye a gindin tsanin rumbun.

Ba wanda ya kira Sumirah. Da la'asar ta fito da kanta, ta ɗauki dammin, ta hau, ta sunkuya ta shige. Su biyun suka tsaya a rana suna jira, zufa na zuba. Da ta sauko sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Wane mara hankalin ne ya tattake min barkono? Wagiran, kai ne ko? Ƙafa kamar ta ɓauna!"

Kasmuri ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har hawaye, ita kuma tana tambaya ko ya zautu ne.

Daga ranar bai sake kwance rumbu ba. Ya koma kwance tsofaffin gidaje da rumfunan shanu, Wagiran kuma ya ci gaba da na rumbuna da wasu mutane. Sumirah ba ta tuna komai na watannin nan, shi ma bai faɗa mata ba. Tana ɗauka tsufa ne ya sa mijinta ya karɓi aron 'yar gona yana noman shinkafa yana zubawa a ɗan rumbun, shi da bai iya riƙe lauje ba, maƙwabta na yi masa tsiya kan zangarniyarsa 'yar ƙarama.

Yanzu gashinsa ya yi fari, gwiwa ta fara ba shi wahala a kan tsanin rumbun. 'Yarsu da ke aure a Surabaya ta gyara musu ɗaki, tana ta kira su sayar da gidan su koma wurinta. Sumirah har ta fara rabar da tukwanenta. Shi kuwa duk lokacin da aka ta da maganar, sai ya ce a bari tukuna a yi girbi.