Baturen da Ya Tsaya wa Mai Bindiga

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa sayen ko allura a hannun mutumin da babu wanda ya tsaya masa ba. Haka ya yi kasuwancinsa a Kano, haka ya taho da halinsa Dubai. Duk bayan 'yan watanni zai sauka, ya kama ɗaki a Al Ras, ya yi ta zagaya shagunan yadi da takalma, kuma kafin ya taɓa kaya sai ya ji wa ya san mai shagon. Ni kuwa wajajen shekarar dubu biyu da sha biyu ina aiki a wani ofishin kago, wato na jigilar kaya, a Al Sabkha. Ina da bizar zama, ban kuma daɗe da kawo matata da 'yarmu ba. Duk abin da Kawu zai aika gida ta hannuna yake bi.

Wani ɗan Gana ne ya jawo mana maganar bindiga, ɗan Zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Yana aiki a wani wurin wasan harbi a bayan gari, sai wata rana ya ce mu zo mu gani. Muka tarar da inji yana cilla faya-fayan yumɓu sama, Larabawa da Turawa sun toshe kunnuwa suna ta harbinsu. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya, "To, naman fa?"

Ɗan Ganan ya ce, "Babu nama, Alhaji. Wasa ne kawai."

Kawu ya girgiza kai, amma da aka miƙa masa bindigar bai ƙi ba. Kakana, mahaifinsa, maharbi ne, ashe hannun bai manta ba. Ya kuskure na farko, sauran kuwa ya yi ta farfasa su har wani Balarabe ya tafa masa. A tasi muna dawowa sai murmushi yake shi kaɗai. Ban taɓa ganin Kawu yana son wani abu da ba sayarwa zai yi ba sai ranar.

Ɗan Ganan ya ce masa irin waɗancan manyan ba na kowa ba ne, amma akwai bindigar iska, mara nauyi, wadda ake harbin allo da ita. Kawu ya ce ita zai kai gonarsa ya riƙa jera gwangwanaye yana harbi. "Ɗan nan, nemo min ita a kwamfutar nan taka."

Na samo wani mai shago a wata ƙasa ta Turai, yana sayarwa ta intanet, ya kuma ce zai aiko har Dubai. Na juya wa Kawu fuskar kwamfutar. Ko kallon bindigar bai yi ba, ya ce, "Wa ya san shi?"

Na nuna masa taurarin da ke ƙarƙashin sunan shagon. Ya gyara tabarau. "Su waɗannan taurarin, 'ya'yan gidan waye?"

Na yi masa bayani cewa mutanen da suka taɓa saye ne suke rubuta yadda suka rabu da shi. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai, ya sa na yi ta karanta masa ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa. Duk mai zuba yabo sai ya ce wuce. Da muka zo kan wani da ya ce ya sha saye a shagon, sau ɗaya aka yi masa kuskure kuma aka gyara, sai Kawu ya ɗaga hannu. "Tsaya. Wannan ba ɗan'uwansa ba ne, da ba zai faɗi kuskuren ba. Tambaye shi ko ya tsaya masa."

Dariya na yi, amma akwai wurin aika saƙo a shafin, ni ma kuma ina son in ga ko za a amsa. Aka amsa. Wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya, ya ce iya saninsa mai shagon mutumin kirki ne. Kawu ya ce, "Khalas, shi ke nan, mun samu mai tsayawa." Muka saya da sunana, tun da shi ba shi da adireshi a garin.

Na ji daɗin bin kayan a kwamfuta. Ni da nake cika kwantena ta yi makonni a teku babu mai jin ɗuriyarta, ga ɗan kwali ina ganinsa yana tashi daga wannan gari zuwa wancan. Da ya iso Dubai sai ya tsaya cak. Aka kira ni a waya daga ofishin kwastan, aka ce in zo da fasfona.

Jami'in da na tarar bai ɗaga min murya ba. Kwalin yana kan tebur a buɗe. Ya ce irin wannan sai da izini ake shigo da ita, wannan ɗaya. Na biyu, a jikin kwalin an rubuta kayan wasanni ne kurum, babu inda aka ambaci bindiga. Wa ya ce a rubuta haka? Ni ne na nemi a ɓoye? Na ce ban san da maganar ba. Ya ce inshallah za a duba, ya sa fasfona a aljihun tebur. Na yi aikin kago isasshe da zan san abin da ke iya biyo baya: aikina, bizata, da ta matata da 'yata da ke rataye a jikin tawa. Tsoro ya kama ni sosai.

Na rubuta wa mai shagon. Amsarsa gajeriya ce: shi ya aika, kamfanin jigila ya karɓa, nauyi ya sauka daga kansa, dokar inda muke kuwa mu ya kamata mu sani. Na sake rubutawa, na ce ba bindigar nake nema ba, ya faɗa musu kawai cewa ba ni na sa shi rubuta haka ba. Shiru. Na kira, ba a ɗauka ba.

Kawu ya ɗage tafiyarsa ta komawa gida. Ya ce, "A ina aka taɓa yin haka? Kaya ba ya zama na mai saye sai ya shiga hannunsa. Rubuta wa wanda ya tsaya masa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, nan fa ba Kantin Kwari ba ne. Mutumin nan ra'ayinsa kawai ya faɗa."

"Na tambaye shi, ya ce mutumin kirki ne, ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To yalla, rubuta."

Shi ya riƙa faɗa ina juyawa. Ya fara da gaisuwa, da tambayar iyali, da yaya sanyi, sannan ya ce: da bakinka muka saya, yaron nan kuwa yana da mata da 'ya. Ina rubutawa ina jin kunya.

Dattijon ya amsa cikin ruɗewa. Ya ce yana taya mu jimami, amma shi bai ma taɓa ganin mai shagon ido da ido ba. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ga wani saƙon, yana tambaya: da gaske a wurinku ana kama mutum da abin da ya faɗa game da wani? In haka ta faru, me mai tsayawar yake yi? Kawu ya gyara zama. Ya ce in gaya masa ba faɗa ake yi ba, ba kuma kotu ake zuwa ba. Shagon mutumin kake zuwa, ka yi sallama, ka nemi wuri ka zauna. Dattijon ya ce, daga nan fa? Kawu ya ce shi ke nan, zaman ne aikin.

Kwanaki suka wuce ba mu ji komai ba. Ina zuwa ofis ina auna kayan mutane, hankalina yana can cikin aljihun tebur. Rannan da daddare sai ga hoto ya shigo: wata kujera a cikin shago, bindigogi jere a bango, da kofin shayi a ƙasa kusa da ƙafar kujerar. Dattijon ya tuƙa mota tafiya mai nisa, ya je ya zauna. Ya ce mai shagon ya fara da tambayarsa me zai saya, ya koma yi kamar ba ya ganinsa, kafin la'asar kuwa ya rubuta wa ofishin da ke riƙe da kayan cewa shi ya saba rubuta haka don gudun ɓarayin hanya, mai saye bai nema ba, kuma a mayar masa da bindigarsa. Har yau ina son in san me suka ce wa juna a shagon nan. Ko muryar dattijon ban taɓa ji ba.

Kawu bai yi mamaki ba ko kaɗan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya shiga kasuwar Al Ras ya sayo dabino da turaren wuta, ya ce a aika wa mai tsayawa hakkinsa. Ya tsaya a kaina har na rubuta a jikin kwalin dabino ne da turare, babu ragi.

Da aka sake kirana, jami'in ya miƙo min fasfona ya ce, "Habibi, nan gaba ka fara tambaya." Bindigar ta koma inda ta fito, Kawu ko taɓa ta bai yi ba.

Na fito na tsaya a inuwa na kira matata. Tana shagon unguwarmu a Port Saeed, nan cikin Dubai. Na ce mata an ba ni fasfon. Sai ta ce, "Abban yarinya, tun da abin nan ya faru 'yar ƙaramar leda nake sayen shinkafa, don ban san ko za mu daɗe a garin nan ba, ban dai gaya maka ba."

Na ce ta ɗauki babban buhu, zan biyo in ɗauka.