Ƙarar da Hindu Ta Kai Shinkafi

A bakin rijiya na fara jin sunan Hindu, kuma gori aka yi mini da shi. Ina ƙarama a Birnin Tsaba muka yi rigimar guga da wata Saliha, sai ta murguɗa baki ta ce, "Tafi can, jikar Hindu mai kai ɗanta gaban alƙali!" Yayarta ta ɗaka mata duka. Da na koma gida na tambayi Inna wace ce Hindu, sai ta ce in je in ba akuya dusa. A gidanmu Tsohuwa ta Ƙaura kawai ake cewa, shi ma ba a gaban Baba ba.

Hindu ita ta haifi Baba, kuma shi ne ɗanta na fari. Sunansa ni ma ba zan rubuta ba, ubana ne. Ita kuwa tata kunyar ta fi tawa nauyi. Tun da aka yaye shi aka ba da shi riƙo gidan yayar mijinta, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba ko da a ɗaki. In ta kama dole sai ta ce "wancan". Ko yaron maƙwabta ne takwaransa, laƙabi take sa masa.

Tana da gona guda a fadama, gadon mahaifinta, da ɗorawa a tsakiyarta, inda take samun kalwar daddawa. Baba ke noma ta tun yana saurayi, har ya ɗauke ta tamkar tasa. Bayan rasuwar kakana, ƙanwar Baba, Goggo Lami, ta dawo gida da marayu, mijinta ya rasu bai bar mata ko kunya guda ta shuka ba. Hindu ta yi niyyar ba ta gonar. A lokacin ne aka ji Baba ya yi magana da Alhaji Tambari, wani mai fataucin hatsi a Ƙaura, zai sayar masa. Ta aika masa dattawa, ya ce gonar ubansa ce. Ta aika masa Maigari, ya ce ya ji. Ita da kanta ba ta iya tsayawa gabansa ta buɗe baki.

Kotu ta rage. Amma kotun Zurmi, wadda garinmu ke ƙarƙashinta, rabin masu zama a bakinta dangin Hindu ne ko surukanta. Sai ta yi dabara: za ta kai ƙara inda ba wanda ya san ta. Ta ce za ta kai daddawa kasuwar Shinkafi, ta hau motar 'yan kasuwa. Abin da ya faru a can daga bakinta na ji, shekaru da yawa bayan haka.

A kotun Shinkafi magatakarda ya ce, "Inna, wa kike ƙara?"

Ta ce, "Wani yaro na can garinmu."

"Yaron ba shi da suna? Sammaci ba ya zuwa wurin wani yaro."

Ta duba dama, ta duba hagu, duk baƙin fuska. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta faɗi sunan. Ya ce bai ji ba. Ta sake faɗa da ƙarfi. Ta ce mini ji ta yi kamar ta kwance zane a tsakiyar kasuwa.

Da aka shigar da ita gaban alƙali, ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya tambaya ina gonar take. Ta ce Birnin Tsaba. Ina wanda ake ƙara yake zaune? Ta ce can.

Ya ce, "To, ba ni da hurumi. Shari'ar gona a inda gona take ake yin ta. Can ne maƙwabtan iyaka suke, can ne shaidu, kuma alƙalin can ne zai taka ya gani da idonsa. Zurmi za ki."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ai don gudun Zurmi na zo. Ba duk alƙali alƙali ba ne?"

Ya ce, "Alƙali ne, Inna, amma kowa da iyakarsa, kamar gonar taki. In kin iya ɗauko ta a ka ki kawo Shinkafi, sai in yi miki shari'a."

Aka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, in ji ta, amma a cikin masu dariyar akwai wani dillalin awaki ɗan garinmu da ya zo tasa shari'ar. Labari ya riga ta isa gida: Hindu ta kai ɗan farinta ƙara, har ta kira sunansa sau biyu.

Duk da haka ta je Zurmi, wannan ne abin da mutane ke mantawa. Saboda marayun Goggo Lami ta je. Ta tarar da bakin kotu cike, har da matan da ba su taɓa leƙa wurin ba. Baba na zaune a gefe, kansa a ƙasa. Alƙali ya ce ta faɗi wanda take ƙara da abin da take nema. Ta dubi taron, duk idon sani. Can ta ce, "Ba ni da ƙara." Aka sallami kowa.

Alhaji Tambari ya sayi gonar, ya sare ɗorawar. Goggo Lami ta raini 'ya'yanta da surfe da dakau. Hindu ba ta sake kwana a Birnin Tsaba ba. Ta kama ɗaki kusa da tashar jirgi a Ƙaura, tana sayen kalwa a kasuwa tana yin daddawa.

Da na shiga sakandare a Ƙaura na nemo ta. Na durƙusa na faɗi ko ni 'yar wa ce, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Wannan goshi ko a duhu na gan shi na san gidan da ya fito. Zauna, 'yar boko, sai dai warin daddawa zai ɓata miki farin kaya." Tun daga nan kowane hutu sai na biya ta wurinta. Ba ta taɓa zagin Baba ba. "Wancan na gidanku, ƙafarsa ta warke?" Iyakar tambayarta ke nan. Ni kuma in na koma gida ba na iya ce masa na gan ta. Tuwon da na ci na girma da shi, har da na gonar nan a ciki.

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, gari ya cika da murna, na same ta tana tsince kalwa. Ta jawo ni kusa, ta rage murya kamar akwai mai ji.

Ta ce, "Kulsumu, an ce yanzu komai ya koma Gusau. Ke da kika yi karatu, ki tambayo mini. Lami ta tsufa ba ta da inda za ta shuka ko kuɓewa. Ko yanzu za su yarda a yi shari'ar a can? A Gusau ba wanda ya san ni. Ki tambayo a hankali, kada wancan ya ji."