Matar Saje Agossa Ta Ji Sauƙi

Saje Agossa shi ne mai koyar da fareti a makarantar sojan yara maza ta garinmu, kuma ko Kanar, shugaban makarantar, bai kai shi ƙyallin takalmi ba. Ɗan kudancin Benin ne, daga bakin teku. Aiki ya kawo shi arewa, ya taho da matarsa Ablawa. Ita kifi take soyawa a tashar mota. Hannayenta duk tabon mai ne, Faransancinta bai wuce na gaisuwa ba, dariyarta kuwa har kasuwa ake jin ta.

Kowace shekara, kafin yara su tafi hutun Kirsimeti, makaranta kan shirya babbar rawa. A gayyato 'yan mata daga sakandaren gari, yara su sha fararen kaya da safar hannu, 'yan badujala su cika zaure da busa. Shekarar da aka kawo sabon Kanar, sai ya ce malamai ne za su buɗe fili, kowa da matarsa.

Agossa ya yini yana tuno matan hafsoshi da turarensu da dogayen takalmansu. Da ya koma gida ya ce, "Maman Sena, bana ma rawar ta yara ce kawai." Washegari ya shaida wa Kanar cewa zazzaɓi ya kwantar da iyalinsa.

Ashe mai kula da kicin ya riga ya ba Ablawa aikin soya kifin walima. Ita kuma ta yi shiru, tana so mijinta ya ci ya yaba kafin ya san hannun wa ne.

Ranar biki da la'asar, yana tsaye a ƙofar zaure ƙiƙam, sai ga matar Kanar ta fito daga kicin, riƙe da hannun Ablawa.

"Saje, ashe mai wannan kifin taka ce! Ba cewa ka yi tana kwance ba?"

Agossa ya sunkuyar da kai. Ablawa ta dube shi, ta dubi matan malamai a jere kusa da mazajensu, nan take ta gane komai.

"Da safe na ji sauƙi, Madam," in ji ta.

"To madalla! Maza ku shiga fili."

Haka suka shiga, shi da farin kaya, ita da zanen aikinta mai ƙaurin hayaƙi. Mutumin da ya kwashe shekaru yana zagin yara kan hagu da dama, sai ga ƙafarsa ta rikice, har ya taka ta.

"Ɗaga kanka, Baban Sena," ta ce a hankali. "Yaranka na kallo."

Bai iya ɗagawa ba. Da aka gama, yara suka yi ta tafi suna kiran "Mama! Mama!" Ta rusuna musu, ta koma kicin ta wanke kaskonta. Ya bi ta zai ɗauka, ta ce, "Ajiye, za ka ɓata kaya."

Ba ta taɓa tayar da zancen ba. Shi kuwa ya gwammace a ce ta zage shi tas, ya huta.

Bayan hutu, direbobin tasha suka ga abin da ba su saba gani ba: Saje cikin kaki, zaune a bencin Ablawa da rana tsaka, yana cin tuwon masara da kifi da hannu. Haka ya ci gaba kullum har ya yi ritaya. Yanzu ma shi ke fasa mata itace.

Direbobi kan tsokane shi, "Saje, wai wa ke ba da umarni a nan?"

Sai ya nuna ta da haɓa, ya ci gaba da aikinsa.