Shugabannin da Yaya Umaru ya raina

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Umaru, malamin firamare a ƙauyenmu da ke ƙasar Rabah. Ciwon ciki ya ɗauke shi, a kan tabarmarsa, aka yi masa sutura da rana tsaka ba mai waige-waige. A lokacin kuka muka yi. Yanzu na san gata Allah ya yi masa.

Yaya ba ya iya ganin saurayi zaune. Shi ya tayar da gayya bayan ta mutu a garin, amma ya sa mata doka tasa: duk gonar da za a shiga, yaro daban ke shugabanci. Ɗan talaka, ɗan Fulanin ruga, har mai in'ina da ba ya iya haɗa ido da mutane, kowa sai ya ɗana. Shugaban ranar shi ke raba wa kowa kunyar da zai nome, shi ke raba faɗa, shi ke zuwa gaban dattawa ya yi bayani, kuma ba ya shan fura sai kowa ya ƙoshi. Nakan tsokane shi cewa gwamnoni yake ƙera mana a gonar gero. Sai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in bar shi da yaransa. Ɗana Nasiru yana cikinsu, kuma ni da kaina na tura shi.

Yaran sun tanƙwaru kuwa. Sun gyara rijiya, sun hana rikicin burtali ya kai ga sanda, har daga Goronyo aka zo kallon yadda suke yi.

Da ma zan iya tambayar Yaya yau: da ya san abin da ke tafe, zai koya musu miƙewa? Tun da 'yan bindiga suka mamaye dajinmu, tambayarsu ɗaya in sun shigo gari, wane ne babban samari. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Isiya mai in'inar nan, wanda Yaya ya sha wahala kafin ya buɗe masa baki, shi ya fara amsawa. Gawarsa muka ɗauko a bakin gulbi. Sauran suka watse, wasu Sakkwato suna acaba, wasu Wurno suna dakon albasa.

Bana gero ya nuna, 'yan bindigar suka aiko cewa ba mai sa lauje sai gari ya turo wanda za a yi magana da shi. Dattawa suka taru, kowa ya dubi ƙasa. Nasiru ya miƙe. Da labarin ya iso mini na tare ƙofa, na yi roƙo, na yi zagi, har na ce ban yafe nonona ba, Allah ya yafe mini.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, in ban tahi ba, mi mutane za su ci? Kawu ya ce wanda ag gaba shi ka hwara shiga kunya."

Ya hau babur ya tafi. Babur ɗin ya dawo da saƙon cewa a yi girbi. Shi sun riƙe shi.

An yi girbin. Mutane na shigowa suna sa wa Yaya albarka, wai ya bar baya mai kyau, ni kuwa in ce amin da baki. Ba na musun alherinsa, kuma ina roƙa masa Aljanna a kowace salla. Amma ina fushi da shi, fushin da ban san inda zan kai ba, don kabari ba ya amsa magana. Abin da ya bari shi ne yaran da ba su iya yin shiru ba, a ƙasar da shiru kaɗai ke barin mutum da rai.

Jiya ragowar samarin suka sauke mini dammunan gero a ƙofar ɗaki, wai rabon Nasiru. Kaji sun fara tsattsaga. Ban kore su ba.